An rufe reshen kamfanin tallan da nake aiki, har yau maiɗakina ba ta sani ba

Assalamu alaikum Yaya. Shekarata 37, ina zaune a Kano da mata da 'ya'ya uku. Na yi shekara tara a reshen wani kamfanin talla mai hedikwata a Legas. Ni ke rubuta tallan Hausa na rediyo da talabijin, in nemo masu murya, in zauna a situdiyo har a gama. Wata biyu da suka wuce aka tara mu aka ce manyan kwastomomi sun janye, an rufe reshen. Albashin wata ɗaya aka ba ni, sauran haƙƙoƙina aka ce ana dubawa. Har yau na kasa faɗa wa maiɗakina. Kullum sai in yi wanka in sa kaya in tada mota, in je in zauna a shagon abokina a kasuwar waya ta Farm Center har la'asar. Mai da abinci na cin kusan naira dubu biyar a rana. Saura wata uku kuɗin haya ya ƙare, ga abin da nake ba Hajiyarmu duk wata. Na tura takardar neman aiki wurare sama da talatin, shiru. Yanzu yaron wani ɗan siyasa ya ce in zo in riƙa rubuta musu abin da za a watsa a Facebook. Barci ya ƙaurace mini. Don Allah ina mafita?

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah Ya musanya maka da mafi alheri, Ya sa kaffara ce.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne motar nan da kake tayarwa kowace safiya. Bari mu yi lissafi da alƙaluman da kai ka bayar. Dubu biyar a rana, kwanakin aiki wajen arba'in cikin wata biyu, dubu ɗari biyu ke nan. Kai da ka san farashin daƙiƙa sittin a rediyo, ka faɗa mini: wane kwastoma ne zai zuba dubu ɗari biyu a tallan da mutum ɗaya tak ake so ya saurara, kuma mutumin nan tuni ya daina yarda da tallan?

Don ina kyautata zaton ta sani. A 2016, shekarar da tattalin arzikin ƙasar nan ya karye, ni ma an sallame ni daga sashen kasuwanci na wani gidan jarida. Na yi mako uku ina irin wannan fitar taka. Ranar da na gaji na zaunar da uwargida, ban kai ƙarshen zancen ba ta ce, "Ai tun makon farko na gane. Wayarka ce ta yi shiru." Mutumin talla wayarsa ba ta hutawa, ana cin tuwo ana kiransa, ana sallar isha'i tana ruri a aljihu. Ranar da ta yi tsit, wadda take kwana ɗaki ɗaya da kai ce farkon mai lura. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da ta ce duk makonnin nan tana ta saƙe-saƙe: ko aure zan ƙara, ko wani bashi na ci, ko ciwo likita ya gano mini nake ɓoyewa. Ashe gaskiyar ta fi duk abin da take zato sauƙi.

Saboda haka ka faɗa mata, a makon nan. Ka bari yara su yi barci, ka ajiye waya, ka yi maganar a taƙaice: an rufe reshenmu ranar kaza, ga abin da aka ba ni, ga abin da ya rage a banki, na ɓoye miki ne don kunya, ki yafe mini. Kada ka haɗa da alƙawarin cewa nan da wata ɗaya komai zai dawo daidai, domin ba ka da wannan a hannu. Mai yiwuwa ta yi kuka, mai yiwuwa ta yi fushi, kuma fushin na ɓoyewar ne, tana da gaskiya. Ka bar ta ta yi. Bayan nan za ka ga abin da yawancinmu maza ba mu cika sani ba, wato yawan hanyoyin da mace take da su na jan cefanen kwana uku ya kai biyar, in dai an gaya mata halin da ake ciki. Yanzu haka tana kashe kuɗi irin na matar mai albashi, saboda haka ka nuna mata. Watakila tana da zubin adashi da ya kusa zagayowa kanta, watakila tana da sana'ar da ta daɗe tana son ta faɗaɗa. Abin hannunta nata ne, ba ka da ikon tilasta mata. Amma hana ta sanin halin gidanta ma ba adalci ba ne.

Hajiya kuma ka je da ƙafarka, kada ta ji a bakin wani. Uwa ta fi son ta ji ta yi maka addu'a a kan ta ci gaba da karɓar kuɗin da ka ranto. Ka kira 'yan uwanka ku raba nauyin na wani lokaci. Alƙur'ani ma, a Suratu Ɗalaƙ, cewa ya yi mawadaci ya ciyar daga wadatarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki ya ciyar daga abin da Allah Ya ba shi. Ba a ɗora maka ciyarwar bara da aljihun bana ba.

Akwai wata tambaya da ba ka rubuta ba, amma na ji ta a ƙarƙashin kowane layi: shin gazawata ce? Ka dubi abin da ya faru a ƙasar. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta haura 1,000. A watan Yunin shekarar aka saki naira kasuwa ta riƙa yanke mata farashi, dalar da gwamnati ke bayarwa a wajen 460 ta wuce 1,500 a 2024. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024 a lissafin Hukumar Ƙididdiga. Kamfanonin da ke ciyar da harkar talla, wato masu sabulu da madara da lemo da layin waya, da dala suke sayo kayan aiki, da dala suke da bashi. MTN ta Najeriya ta bayyana asarar naira biliyan 137 a 2023. Nestlé ta yi asarar wajen biliyan 79. Kamfanin magunguna na GSK ya sanar da tattara nasa ya nasa a Agustan 2023, Procter & Gamble ta ce ta daina sarrafa kaya a nan a Disambar shekarar, Unilever ta bar yin Omo da Lux. Idan manajan kuɗi ya zauna da jan biro, ba zai iya yanke kuɗin dizal ba, injin zai tsaya. Ba zai yanke kuɗin kwastan ba, kaya za su ruɓe a tashar jirgin ruwa. Talla ce kaɗai zai yanke yau, gobe a buɗe masana'anta kamar ba a yi komai ba, illar sai bayan shekara ta bayyana. In kuma kamfanin talla na Legas zai rage jiki, reshen da ya fi nisa da ofishin oga shi ake fara datsewa. Da kai ne gwanin gwanaye a Afirka, da wannan takardar dai za a miƙa maka. Ka sauke wannan kayan daga kanka, akwai wasu masu nauyi da ke jiran ka.

Na farkonsu haƙƙinka. Kalmar nan "ana dubawa" na san ta, tana iya shekara uku ana dubawa. Ka ɗauko takardar da aka ɗauke ka aiki da ita da littafin ƙa'idojin ma'aikata in an ba ku, ka karanta abin da suka ce game da wa'adin sallama, kuɗin hutun da ba ka tafi ba, giratuti, da abin da ake biya idan an rage ma'aikata. Abin da ke rubuce a nan shi ne makaminka, domin Dokar Ƙwadago ta fi kare leburori da ƙananan ma'aikata, irinku masu aikin ƙwarewa yarjejeniyarku ce ke magana. Sai ka rubuta musu wasiƙa mai ladabi, ba zagi ba barazana, ka jera abin da kake bi da alƙaluma, ka nemi su ba ka rana. Ka aika ta imel don ya zama akwai shaida. Ku haɗu da sauran abokan aikin da aka sallama tare, murya biyar ta fi ɗaya. In an yi watanni ba amsa, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana da reshe a nan Kano, kuma sau da yawa takardar lauya kaɗai ke sa a tuna da mutum. A cikin wasiƙar ka roƙi abu biyu da ba za su ci musu ko sisi ba: takardar shaidar cewa rufe reshe ne ya raba ku ba laifi ba, da izinin nuna tallace-tallacen da ka yi a matsayin samfurin aikinka. Na biyun nan za ka ga amfaninsa nan gaba kaɗan.

Sai fansho, wanda na lura mutane da yawa ba su san wannan ba. Dokar fansho ta 2014 ta ba wanda ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50, kuma ya yi wata huɗu bai sami wani ba, damar cire har kashi 25 cikin ɗari na abin da ya taru a asusunsa. Kai ka ci wata biyu, saura biyu, ka ga zai zo dab da lokacin haya. Kada ka jira watannin su cika. Gobe ka je ofishin kamfanin fanshonka ka nemi cikakken bayanin asusu, ka bi shi wata bayan wata. Doka ta ce a cire kashi 8 daga albashinka, mai aiki ya ɗora kashi 10, a zuba cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Kamfanin da ya shiga matsi yakan cire a takarda ya ƙi zubawa. In ka ga giɓi, ka sa shi cikin wasiƙar, ka kuma kai ƙorafi PenCom, hukumar kula da fansho ta ƙasa. Ka tambaye su takardun da za su buƙata ka fara haɗawa. Gargaɗi ɗaya: kuɗin tsufanka ne kake ci tun da ƙuruciya, sauran kuma ba za ka taɓa ba sai ka kai hamsin. Haya da jari kaɗai suka cancanci wannan kuɗin.

Mai gidan haya ka same shi yanzu, tun da sauran wata uku, ka tafi da dattijon da yake jin nauyinsa. Wanda ya zo da wuri ya ce a raba masa biya biyu ko uku, daban yake da wanda aka yi ta bugun ƙofarsa yana cewa a ce ba ya nan. Haka makarantar yara. Su kuwa manhajojin bashi na waya, ko da wasa kada ka sauke su. Ban da ruwan da ke ciki, ranar da ka makara za su aika wa duk lambar da ke wayarka saƙon cewa kai ɓarawo ne, har surukinka, har tsofaffin kwastomominka. Mutumin da jarinsa sunansa ne ba ya wasa da wannan. Motar kuma ban ce ka sayar ba tukuna. Ka ajiye ta, ka hau adaidaita sahu, ka ga abin da wata uku za su nuna.

To, mu zo kan aiki, inda na fi son mu daɗe.

Takardu talatin ka aika, kuma na tabbata duk wurare iri ɗaya ne: kamfanonin talla, bankuna, kamfanonin waya, wato gidajen da gobarar da ta cinye naku take ci. Ka ci gaba da aikawa, ba laifi, amma ka ba abin awa ɗaya a rana, kada ya zama shi ne wunin. Kuma ka sani a harkar nan da wuya a ɗauki mutum ta takarda. Wani ne ke cewa "akwai wani yaro a Kano, ya iya." Mutanen da za su faɗi haka, ka ɓoye musu kamar yadda ka ɓoye wa maiɗakinka. Masu muryar da ka yi shekara tara kana ba su aiki, injiniyan situdiyo, manajojin kasuwanci na gidajen rediyo, jami'an tallan kamfanonin da ka yi wa hidima, duk suna zaton kana nan daram. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka rubuta sunaye talatin, ka kira uku kowace rana, ka ce musu an rufe reshe, yanzu kana karɓar aiki da kanka, in sun ji wani abu su tuna da kai. Ba roƙo ba ne, sanarwa ce, kuma sanarwa ai sana'arka ce.

Ka lura da wani abu. Rufe reshe bai sa mutanen Arewa sun daina sayen sabulu ba, bai kuma sa mutumin Ikeja ya iya Hausa ba. Duk tallan da za a yi don Arewa daga yanzu, wani za a nema ya rubuta a biya shi kan kowane aiki. Kwastomanka na farko, in ka iya danne zuciya, shi ne kamfanin da ya sallame ka. Wannan na cikin dalilan da na ce wasiƙarka ta zama mai ladabi. Na san yanzu wasu na zuba Turanci a kwamfuta ta juyo musu da Hausa, kuma kana jin sakamakon a rediyo, irin tallan da za ka ji kowace kalma Hausa ce amma ba Bahaushen da ya taɓa magana haka. Kwamfuta ba ta san wace kalma ce ke wucewa lafiya a Kano ta zama abin dariya a Sakkwato ba. Ba ta san abin da ba a faɗa a gaban suruki ba, alhali rediyo a tsakar gida ake kunna shi, kowa na ji. Kai ka sani. Wannan kunnen naka shi ne hajarka, kuma ba ya cikin kayan ofis da aka kwashe aka mayar Legas.

Amma babbar kasuwar ba a Legas take ba, tana kewaye da kujerar da kake zama a Farm Center. Ka ɗaga kai ka duba. Kowane shago a wurin yana da yaro da ke ɗaukar hoton waya ya ɗora a WhatsApp da TikTok, ba tsari, ba magana mai kama zuciya. Ka shiga Kantin Kwari ka ga dilolin atamfa da shadda da ke sayar wa mutanen Maraɗi da Damagaram da Njamena ta waya. Ka dubi masu sayar da sola, waɗanda tsadar mai da ta wutar lantarki ta buɗe musu kasuwar da ba su taɓa mafarki ba. Ga masu injinan shinkafa, ga makarantu masu zaman kansu da ke neman ɗalibai duk Agusta da Satumba, ga kamfanonin Umara, ga masu sayar da filaye, ga matan da ke sayar da turaren wuta da kayan ɗaki daga cikin gidajensu, wasu cinikinsu na wata ya fi tsohon albashinka. Waɗannan ba su taɓa taka ƙofar kamfanin talla ba, ba za su taɓa ba, sunan kaɗai tsoro yake ba su. Amma suna kashe kuɗi a talla kullum, suna biyan 'yan wasan Kannywood da masu barkwanci a TikTok, sau da yawa ba tare da sanin ko abin ya kawo ciniki ba. Lokacin da Abdurrahman bin Auf ya isa Madina ba shi da komai, ɗan'uwansa na Ansar ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi masa addu'a ya ce a nuna masa hanyar kasuwa. Kai an ma riga an kai ka, wata biyu kana zaune a cikinta kana kallon agogo.

Ka fara da abokin nan naka. Ya ba ka inuwa wata biyu, ka biya shi da talla guda mai kyau: rubutu, murya, ɗan bidiyo na daƙiƙa talatin da wayar hannu. Ka ce ya riƙa tambayar duk wanda ya zo a ina ya ji labari. In ciniki ya motsa, maƙwabtansa da kansu za su tambaye shi wa ya yi masa. A kasuwa haka labari ke tafiya.

Sai dai in gaya maka abin da zai yi maka ciwo, don kada ya zo maka ba shiri. Alhajin Kwari ba zai karanta shafi goma na bayanin dabarun talla ba. Zai ce maka "nawa ne, yaushe zan ji shi?" Zai taya aikinka kamar yadda ake taya yadi. Zai sa ka jira a kan benci yana sallamar masu saye, yaron shagonsa da bai kai ƙaninka ba zai kira ka da sunanka gatsau. Zai dage sai an ambaci lambar waya sau uku da sunan layi da lambar shago, kuma a nan shi ke da gaskiya, don ya fi ka sanin masu sayensa. Ranar farko da na zauna a irin wannan bencin, da takalmina mai sheƙi, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Wata shida bayan nan, mutumin ya haɗa ni da mutum huɗu, kuma bai taɓa riƙe mini kuɗi na kwana ɗaya ba, abin da ban taɓa gani a wurin manyan kamfanoni masu sa mutum jiran wata uku ba. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Ka tsara farashinka gida gida: kuɗin rubutu daban, na mai murya daban, na situdiyo daban, na gidan rediyo daban, don mutum ya ga inda kowace naira ta tafi, ya kuma zaɓi abin da zai iya. Rabin kuɗi kafin ka fara, sauran kafin ka miƙa, ko da ɗan uwanka ne, musamman ma in ɗan uwanka ne. Ka je gidajen rediyon da ka saba da su ku yi maganar kamasho a kan duk tallan da ka kawo, a rubuce. Ka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, don ka buɗe asusun banki da sunan sana'a. Ka kuma riƙe ƙa'idar da ka sani: hukumar ARCON, wadda ta gaji APCON a 2022, ita ke tantance talla kafin a watsa, har da na intanet, kuma duk abin da ya shafi magani ko abinci sai da amincewar NAFDAC. A nan za a fi jarraba ka, domin masu maganin gargajiya na cikin masu biya da sauri, kuma wasunsu so suke ka ce garin magani ɗaya na warkar da ciwon suga da hawan jini da basir da rashin haihuwa. Yunwa za ta ce maka ai rubutu kawai ka yi. Ka tuna akwai tsohuwar da za ta ajiye maganin asibiti saboda daɗin maganarka.

Ka sa ido a kan kalanda. Kasuwar tallan Arewa azumi da sallah ne kakarta, kuma mai hankali tun Rajab yake zagaya kwastomomi. Ƙungiyoyin da ke wayar da kai kan rigakafi da lafiyar mata da yara su ma suna neman mai rubuta saƙon Hausa, kodayake ƙofar ta ƙuntata tun da Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji, USAID, a 2025. Ka ƙwanƙwasa, kada dai ka jingina da ita.

Batun yaron ɗan siyasa. Tallan siyasa aiki ne kamar kowane, a rubuta abin da mutum ya yi da abin da ya ce zai yi, a yi masa waƙa, a tsara masa allo. In wannan ne, ka karɓa, amma kuɗinka gaba ɗaya a hannu kafin ka ɗora biro, don bashin ɗan siyasa in ya faɗi zaɓe ya bi ruwa, in ya ci kuma ba ka ƙara samun sa a waya. Sai dai yadda ka kwatanta tayin, "abin da za a watsa a Facebook", ya fi kama da aikin sojojin baka: a ba ka sunan mutum ka ci mutuncinsa, ka ƙirƙiri labari, ka ɗora da sunan bogi. Ka tambaye shi kai tsaye, da sunan wa za a sa, kuma wa za a taɓa. In ya fara kame-kame ka san amsar. An sha kama matasa a kan rubutun Facebook da dokar laifukan intanet, kuma ranar da aka zo kamun, mai gidan ba ya cikin motar. Ko ba a kama ka ba, Kano ƙarama ce. Alhajin da kake so ya ba ka tallan shagonsa yana iya zama ƙanin wanda ka zaga.

Rashin barcin nan kada ka raina shi. Ina sa ran rabinsa zai tafi a daren da ka yi magana da maiɗakinka, don ɓoyo aiki ne mai cin jiki. Amma ka tsaya a kemis ko asibitin unguwa a auna jininka, shekarunka da irin wannan damuwar lokacin da hawan jini ke shigowa ke nan ba sallama. In makonni suka wuce abinci ba ya shiga, ko ka fara jin rayuwar ma ba ta da amfani, ka je Asibitin Malam Aminu Kano ka ce a haɗa ka da likitan ƙwaƙwalwa. Addu'a da ganin likita ba kishiyoyi ba ne. Ka riƙe jam'i a masallacin unguwa, ka daina zuwa na nesa don gudun tambaya. Wanda ya tambaye ka, amsar gajera ce: "An rufe wurin namu, yanzu ina yi da kaina." Za ka yi mamakin yawan waɗanda za su ce ai su ma haka.

Yara kuwa za su tambaya, don su ba su iya kawaici ba. Ranar da ƙaramin ya ga mota a rufe da tamfol ya ce, "Abba yau ba ka zuwa ofis?", ka ce masa ofis ya dawo gida, kuma in ana ɗaukar murya a ɗaki ba a son hayaniya. Babban, in ya kai shekara goma, ka ba shi wayar ya riƙe maka lokacin ɗaukar bidiyon shagon abokinka.